Lahadin Ƙarshen Satumba a Titin Folsom

Kowace shekara, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Satumba, hukumar birnin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya a Amurka takan rufe wani yanki na titin Folsom, daga mahaɗar titi na 8 zuwa wajen na 13, ta bar wa masu biki shi tun daga hantsi har ƙarfe shida na yamma. Ranar ita ce cikamakin mako guda na tarurrukan da 'yan luwaɗi masu shigar fata ke yi a birnin, tare da 'yan maɗigo, da ma wasu da ba ruwansu da neman jinsi ɗaya amma sha'awarsu ta rataya a kan tufafin fata da na roba, da kayan sarki, da wasan ɗauri da bulala. Masu shiryawa sukan ce mahalarta sun kai dubu 250, wasu shekarun ma sun faɗi fiye da haka. Ƙiyasi ne, tun da ba tikiti ake yanka ba. Abin da ba a musu a kai shi ne babu taro irinsa da ya kai shi girma a duniya.

Na san yadda mai karatu a ƙasar Hausa ke kallon wannan harka, kuma ba shari'a na zo yankewa ba. Yadda abin ya faro da yadda ya kai inda yake yau shi ne gabana. Wanda ya tsaya ga hotunan ranar zai ɗauka neman shagali ne tsagwaronsa ya kawo bikin. Tarihi bai nuna haka ba. Rigimar gidajen haya ce ta haife shi, annoba kuma ta raine shi.

Titin Folsom ya ratsa unguwar da ke kudu da babban titin Market, wadda 'yan gari ke ce wa SoMa. Tun ƙarni na 19 unguwar ma'aikata ce. Girgizar ƙasa da gobarar 1906 sun shafe ta, aka sake gina ta da sito-sito da garejin gyaran mota da maɗaba'u da ƙananan otal masu ɗaki ɗai-ɗai, inda matuƙan jirgin ruwa da leburorin tasha da tsofaffin gwauraye masu cin fansho ke kwana. A lungunan ciki akwai iyalan 'yan Filifin. Da rana ƙarar inji, da dare tsit. Haya da araha, masu sa ido kuma ba yawa. Waɗannan biyun su ne suka jawo baƙin da za su ba titin sunan da ya yi.

Baƙin kuwa yaƙi ne ya fara kawo su. A Yaƙin Duniya na Biyu San Faransisko ce babbar ƙofar fita zuwa fagen tekun Fasifik, kuma rundunar Amurka ta kori dubban sojoji bisa zargin luwaɗi, ta ba su takardar sallama mai tabo. Da yawa ba su iya komawa garuruwansu da irin wannan takarda ba, sai suka zauna inda jirgi ya sauke su. Wasunsu sun saba da babur da zaman bariki. A 1953 fim ɗin The Wild One ya nuna Marlon Brando da baƙar rigar fata da hula mai baki, a kan babur, kuma a 1954 aka kafa ƙungiyar 'yan babur ta Satyrs a Los Angeles, wadda ake lissafawa cikin mafi daɗewar ƙungiyoyin 'yan luwaɗi a ƙasar. A lokacin jama'a na ɗaukar duk mai wannan hali mai ɗabi'ar mata ne. Su kuwa waɗannan sai suka zaɓi shigar da ta fi kowace nuna mazantaka: rigar fata, wandon jins, dogayen takalma irin na soja.

A 1962 aka buɗe wata mashaya mai suna Tool Box a kusurwar titi na 4 da Harrison. Wani mai zane, Chuck Arnett, ya cika bangonta guda da hoton maza tsaitsaye, baƙi da fari, fuskoki a murtuke. A watan Yunin 1964 mujallar Life, mai shiga miliyoyin gidaje, ta buɗe dogon rahoto kan luwaɗi a Amurka da hoton cikin wannan mashaya, shafi biyu cur. Faɗakarwa mujallar ta nufa, amma ga samari da yawa a ƙananan garuruwan ƙasar kwatance ta yi musu. A 1966 mashayu biyu, Febe's da Stud, suka buɗe a kan titin Folsom kansa, wasu suka biyo baya, har ɗan jaridar nan na birnin, Herb Caen, ya laƙaba wa titin suna Miracle Mile. Kafin ƙarshen shekarun 1970 mashayu da shagunan ɗinkin fata da gidajen wanka na wannan jama'a sun cika unguwar. Dokar jiha ma ta sauya: a 1975 majalisar Kalifoniya ta soke hukuncin da ke kan abin da manya suka yi a keɓe bisa yardar juna. Unguwar Castro, wata matattarar 'yan luwaɗi a birnin, ta zama wurin siyasa da zaɓe, inda ɗan siyasarsu Harvey Milk ya fito. Folsom ta zama ta dare.

Duk wannan lokaci katafila na tahowa daga gabas. Hukumar sake fasalin birni, ƙarƙashin Justin Herman, ta daɗe da ƙyalla ido a kan filin, don yana jingine da tsakiyar kasuwancin gari. Ana jingina wa Herman maganar cewa ƙasar ta fi ƙarfin a bar talakawa su zauna a kanta. Shirin da aka kira Yerba Buena ya rushe otal-otal ɗin gwauraye, ya tashi kimanin mutum dubu huɗu da ɗaruruwan ƙananan sana'o'i. Tsofaffin ma'aikatan ba su tafi shiru ba. A 1969 suka kafa ƙungiyar 'yan haya da masu gida mai suna TOOR, ƙarƙashin wani tsohon ɗan ƙwadago, George Woolf, suka maka hukuma a kotu, suka tsayar da aikin shekaru, har aka yarda a gina musu gidajen maye. Amma rusau bai fasa ba. A 1971 aka rufe Tool Box aka rushe ginin, sai bangon da ke ɗauke da zanen Arnett ya saura a tsaye cikin ɓaraguzai, masu wucewa a mota suna kallonsa na tsawon lokaci. A 1981 aka buɗe katafaren zauren taro a kan filin da aka share, aka sa masa sunan George Moscone, magajin garin da aka harbe tare da Harvey Milk ranar 27 ga Nuwamban 1978. Moscone ɗin nan shi ne ya tura dokar 1975 a majalisar dattawan jiha. Ginin da ke ɗauke da sunansa kuwa shi ya ƙara matse mutanen da dokar ta sassauta wa.

Shekarar 1981 ta zo wa unguwar da abu biyu. A watan Yuli gobara ta tashi daga wani tsohon gidan wanka da ake gyarawa a titin Folsom, ta cinye gidaje da dama a lungunan baya. Shugaban 'yan kwana-kwana ya shaida wa manema labarai cewa ana fargabar samun gawarwakin mutanen da aka ɗaure da sarƙa, jaridu suka ɗauka suka yaɗa. Ba a sami gawa ko ɗaya ba. Amma maganar ta riga ta fita, kuma ta nuna wa mazauna irin idon da gari ke kallonsu da shi. Abu na biyu ya fi gobarar muni, sai dai a hankali ya shigo. Ranar 5 ga Yuni, wata guda kafin wutar, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da ɗan gajeren rahoto kan samari biyar a Los Angeles masu wani ciwon huhu da ba a saba gani ga masu ƙuruciya ba. Ƙanjamau ke nan, tun ba ta da suna.

Cikin wannan hali ne mutum biyu masu aiki da ƙungiyoyin gidaje na unguwar, Kathleen Connell da Michael Valerio, suka yi tunanin shirya bikin titi. Hujjarsu mai sauƙi ce. Masu tsara birni suna magana a kan SoMa kamar kango ce da ba kowa, to bari a fito da mutanenta fili a gan su. A watan Yulin 1984 jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta yi babban taronta na ƙasa a zauren Moscone, manyan ƙasa suka cika unguwar suka watse. A ƙarshen Satumba Connell da Valerio suka rufe titin Folsom da bikin da suka kira Megahood. Ba bikin 'yan fata ba ne zalla a wannan karon. Akwai tsofaffin 'yan fansho, da iyalan Filifin, da masu zane, da makaɗa, da rumfunan yi wa mutane rajistar zaɓe. 'Yan fata ɓangare ne kawai na taron, ko da yake su idon baƙo ya fi kamawa.

Bayan mako biyu, ranar 9 ga Oktoba, daraktan lafiya na birnin, Dokta Mervyn Silverman, ya ba da umarnin rufe gidajen wanka da makamantansu guda 14, inda maza ke haɗuwa su sadu, saboda yaɗuwar cutar, da dama cikinsu a wannan yanki. An yi ta jayayya a kotu, an kuma yi ta a tsakanin 'yan luwaɗin kansu. Wasu na ganin ceton rai ne, wasu na ganin an sami hujjar da aka daɗe ana nema ne. Magajiyar gari Dianne Feinstein tana bayan rufewar. A 1987 gidan wanka na ƙarshe ya rufe.

Daga nan bikin ya sauya fuska. Cutar ta yi wa jama'ar Folsom mummunar ɓarna, kuma an riƙa nuna su da yatsa har daga cikin 'yan uwansu na Castro, ana cewa su suka jawo. Suka amsa da tara kuɗi. Tun 1982 wasu daga cikinsu sun kafa asusun agajin gaggawa na masu ƙanjamau, wanda aikinsa ba wani babban abu ba ne a ido: biyan kuɗin haya da na lantarki ga wanda ciwo ya raba da aiki, don kada ya mutu a titi. Alan Selby, Baturen Ingila mai shagon fata na Mr. S, ya shafe shekaru yana gwanjon kaya a mashayu don wannan asusu, har aka riƙa kiransa magajin garin Folsom. A 1985 Patrick Toner, wanda ya ci gasar 'yan fata ta duniya da ake yi a Shikago a wannan shekara, ya taimaka aka fara wani ƙaramin biki a lungun Ringold don tara kuɗin jinya. A 1987 aka mai da shi lungun Dore, daga baya bukukuwan biyu suka koma hannun ƙungiya ɗaya. A 1989 kuma Tony DeBlase ya fito da tutar da yanzu ke kaɗawa ko'ina a ranar: ratsin baƙi da shuɗi, farin layi a tsakiya, jar zuciya a kusurwa.

Waɗanda suka halarci bikin a waɗancan shekaru sun bar bayani iri ɗaya. Ana kiɗa ana rawa, amma ido na neman wanda aka gani bara. Mutumin da ya cika rigar fatarsa shekara biyu da suka wuce, yanzu rigar ta yi masa yawa, yana dogara sanda. Jaridar Bay Area Reporter mai fitowa kowace Alhamis tana cike da sanarwar rasuwa, shafi bayan shafi. Chuck Arnett ya mutu a 1988. Mace-macen sun kai ƙololuwa a birnin a 1992. Valerio kansa cutar ce ta ɗauke shi. Sai a 1996 sababbin magungunan haɗi suka fara tsayar da abin, kuma ranar 13 ga Agustan 1998 jaridar nan ta buga a shafin farko cewa a makon ba ta sami sanarwar rasuwa ko ɗaya ba. Jimillar waɗanda ƙanjamau ta kashe a San Faransisko ta haura dubu 20. Duk wanda ya yi mamakin abin da ya sa har yau bokitin karɓar gudummawa ne abu na farko da ke tarar mutum a bikin da sunansa ya yi ƙaurin da ya yi, nan amsar take.

Masu riƙe bokitin ma abin kallo ne. Cikinsu akwai 'yan wata ƙungiya da aka kafa a 1979, Sisters of Perpetual Indulgence, maza masu shigar mata 'yan zuhudun Katolika, fuska shafe da farin kwalli. Katolika da yawa na ɗaukar shigar cin fuska, kuma suna da dalilinsu. Su kuma 'yan ƙungiyar sukan tuna wa mutane cewa tun 1982 suka buga takardar wayar da kai kan kariya daga cutar, lokacin da hukumomi ke ta jan ƙafa. Wanda ya jefa kuɗi a bokiti sai a manna masa sitika a ƙirji, da ita zai sami ragi a rumfunan abin sha. A bakin shingen akwai allon gargaɗi cewa abin da ke ciki na manya ne.

Da hantsi titin na da sarari. Mutane na fitowa daga tashar jirgin ƙasa cikin kayan gida, jaka a kafaɗa, su nufi rumfar ajiyar kaya, su tuɓe su sauya, su karɓi lamba. Satumba ne watan da ya fi ɗumi a wannan birni mai sanyi, don haka kafin azahar mai cikakkiyar shigar fata ya fara jin jiki. Warin fata da man takalmi da hayaƙin gasa nama da giya duk sun cakuɗe. Dandamalin kiɗa na amsa wa juna daga ƙarshen titi zuwa ƙarshe.

Idan ana son ganin al'adar a natse, wurin 'yan shushaina za a tsaya. Sana'a ce mai daraja a cikinsu, har gasar duniya ake yi mata a Shikago tun 1993. Mai takalmi zai hau wata doguwar kujera, ya ɗora ƙafa a kan matashin ƙarfe. Mai gogewa zai zauna a ƙasa, ya zare igiyar takalmin, ya wanke shi da sabulun fata, ya bari ya sha iska. Sannan ya lakato mai da yatsunsa, ba da tsumma ba, ya bi kowane ɗinki yana murzawa. Wani yakan kunna ashana ya ɗan narkar da man a cikin gwangwani kafin ya shafa. Sai buroshi, sai ɗigon ruwa, sai kyalle mai laushi, har fatar ta riƙa ɗaukar ido. Aikin kan ci rabin awa, ana hira a hankali, mai takalmin na ba da labarin inda ya samo shi. Sau da yawa gado ne daga wani da ya rasu, don al'adarsu ce a miƙa wa na baya kayan fatar mamaci. Abin da aka ba mai gogewa, yakan zuba wani kaso a asusun agaji.

Ba duk abin da ke titin ne mai natsuwa haka ba. Akwai wuraren da aka kewaye da igiya inda ake nuna ɗauri da bulala a bainar jama'a, da mai sa ido tsaye a gefe. Ƙa'idar da suke taƙama da ita ita ce yarda: kafin a fara an yi magana, an ajiye wata kalma wadda da zarar an furta ta komai ya tsaya. Akwai masu yawo tsirara. A 2012 majalisar birni ta hana tsiraici a titi da ƙuri'a shida da biyar, bisa ƙudurin Scott Wiener, wanda shi ma ɗan luwaɗi ne, amma dokar ta ware bukukuwa masu izini irin wannan. Abin da ya wuce tsiraici kuwa doka ba ta yarda da shi ba, kuma 'yan sanda sun sha matsa wa masu shiryawa, har suka ɗora wa 'yan sa-kai aikin gargaɗi da fitar da mai kunnen ƙashi. Ko ana bin wannan sau da ƙafa, wata magana ce daban. Tsakanin waɗannan duka akwai rumfunan ma'aikatan lafiya, suna gwajin ƙanjamau kyauta suna raba kwaroron roba. A 2022 har allurar rigakafin ƙyandar biri aka yi a wurin.

Daga ƙarfe biyu zuwa huɗu ba masaka tsinke. A nan ne kuma ake ganin abin da nasara ta jawo. Masu kallo sun fi masu shiga yawa, kowa da waya a sama. Dattawan harkar sukan yi gunaguni cewa an mai da su abin nuni ga 'yan yawon buɗe ido, wasu ma sun daina zuwa, sun koma wa ƙaramin bikin lungun Dore na ƙarshen Yuli, wanda suke cewa shi ne na 'yan gida. Mata sun koka da masu taɓa su ba izini, har aka ware musu fili nasu, aka kuma riƙa raba sitika mai cewa a tambaya kafin a taɓa ko a ɗauki hoto.

Rigima mafi girma daga waje ta zo ne a 2007. Fostar bikin shekarar ta kwaikwayi zanen Leonardo da Vinci na jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, aka zaunar da 'yan fata a teburin, aka jera kayan harkarsu a maimakon gurasa. Ƙungiyar Catholic League ta yi kira a ƙaurace wa giyar kamfanin Miller mai ɗaukar nauyin bikin. Kamfanin ya nemi a cire tambarinsa daga fostar, daga baya ya ba da haƙuri. Da aka tambayi Nancy Pelosi, wakiliyar birnin kuma shugabar majalisar wakilai a lokacin, sai ta ce magana ce ta 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ba ta ga an cutar da addinin Kirista ba. A ganina masu shiryawa sun tsokano abin da ba su da buƙatarsa. Mutanen da suka san zafin a yi musu ƙazafin gawarwaki a 1981 sun fi kowa sanin abin da ake ji idan aka taɓa wa mutum abin da yake girmamawa. A Jamus ma an yi makamanciyar wannan ƙura, ko da yake ba ta kai haka ba. Birnin Balin ya fara nasa bikin mai suna Folsom Europe a 2004, a unguwar Schöneberg, kuma da magajin gari Klaus Wowereit ya rubuta wa mahalarta saƙon maraba a 2005, 'yan adawa na jam'iyyar CDU suka yi masa ca.

Wajen ƙarfe biyar iska kan juyo daga teku, hazo ya biyo ta. Wanda ya wuni yana gumi sai ya fara karkarwa, layin rumfar ajiyar kaya ya yi tsawo. Ƙarfe shida ana kashe kiɗa. Abin da ke biyo baya duk wanda ya taɓa ganin watsewar kasuwar ƙauye ya san shi: masu rumfa na karya farashin abin da ya saura, ana naɗe tamfol, ana kiran wanda ya ɓace cikin taro. 'Yan sanda da 'yan sa-kai na kora jama'a a hankali zuwa gefen titi, motocin shara na biye. Masu sauran ƙarfi su yi layi a ƙofar mashayar Eagle ko Powerhouse ko Lone Star, ko su wuce raye-rayen rufe mako da ake kaiwa tsakar dare ana yi. Baƙin da suka zo daga Turai da Ostireliya su yi sallama da abokan da sai baɗi. A wani ɗaki kuma ana zazzage bokitai ana ƙirga, kuɗin da bayan 'yan watanni za a raba wa ƙungiyoyin jinya da na unguwa. Cikin shekarun da aka yi ana bikin abin da aka raba ya kai miliyoyin daloli. Kafin gari ya waye an buɗe wa motoci hanya.

Sauran kwanakin shekara kuwa titin na wasu ne. Gayle Rubin, masaniyar halayyar al'umma da ta fara nazarin unguwar tun ƙarshen shekarun 1970, ta daɗe tana cewa kuskure ne a ɗora wa ƙanjamau kaɗai alhakin mutuwar Folsom. Cutar ta kashe masu mashaya da abokan cinikinsu, amma tsadar fili ce ta hana wasu su gaje su. Da kamfanonin intanet suka yi ambaliya a ƙarshen shekarun 1990, sito-sito suka koma ofisoshi, garejoji suka koma benayen haya masu tsada, sababbin mazauna suka fara kai ƙarar hayaniyar mashayun da suka tarar. Tsofaffin 'yan fansho da iyalan Filifin da Connell da Valerio suka fito da su fili a 1984, kaɗan ne suka rage. Bikin da aka ƙirƙira don ya tsare unguwa ya girma ya zama abin da otal-otal da kamfanonin jiragen sama ke jira, unguwar kuwa ta suɓuce.

Abin da ya biyo baya adana alama ne. A 2017 aka ƙawata lungun Ringold da sawun takalma na tagulla guda 28, kowane da sunan wani da ya yi wa jama'ar hidima, ciki har da Arnett da Selby da DeBlase. A 2018 majalisar birni ta ayyana yankin a matsayin gundumar al'adun 'yan fata. Mashayar Eagle, wadda ta rufe a 2011 ta sake buɗewa a 2013, ta shiga jerin gine-ginen tarihi na birnin a 2021. Annobar korona ta sa an yi bikin 2020 ta intanet, da aka dawo titi a 2021 kuma sai aka maido da tsohon sunan Megahood na shekara guda. Mashayar Stud, wadda ta bar titin tun 1987, wadda kuma ma'aikatanta da masu wasa a cikinta suka haɗa hannu suka saye ta a 2016 bayan an ninka mata haya, ta rufe a 2020. A watan Afrilun 2024 ta sake buɗewa a wani gini da ke kan titin Folsom.